Hukuncin Mace Ta Ɗinka Wa Kanta Kayan Ninkaya A Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Likita ya ba ni shawarar in riƙa ninkaya saboda ciwon baya, kuma a garinmu akwai wurin ninkaya da ya ware wa mata rana guda. Kayan ninkayar da ke kasuwa duk tsiraici ne. Ina da keken ɗinki, na kuma samo takardar samfurin yanka a intanet. Shin ya halatta in ɗinka wa kaina? Idan wasu mata suka ce in ɗinka musu, zan iya karɓar kuɗinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Ɗinkin kansa babu laifi a cikinsa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta faɗa cewa Annabi (SAW) yakan ɗinke tufarsa da hannunsa, kamar yadda Imamu Ahmad ya ruwaito. Ninkaya ma halal ce, domin a hadisin Jabir da Nasa'i ya fitar an ambaci koyon ninkaya cikin abubuwa huɗu da ba a lissafa su a wasan banza. Ga kuma larurar magani. Ni a ganina ɗinkin gida ya ma fi, tunda ke za ki auna kanki, ba sai wani tela namiji ya zagaya ƙugunki da tef ba.

Inda hukuncin ya rataya shi ne: wa zai gan ki a cikin kayan? A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shehu Halil ya tsara a Muhtasar, al'aurar mace a gaban 'yar'uwarta mace ita ce tsakanin cibiya da gwiwa. A gaban muharraminta tana iya bayyana fuska da gaɓoɓi kamar kai, hannuwa da ƙafafu. A gaban namijin da ba muharrami ba kuwa duk jikinta al'aura ne in ban da fuska da tafukan hannu. Mijinta babu shamaki tsakaninsu. Saboda haka riga ɗaya tana iya halatta a tafkin cikin gida daga ke sai maigida, ta haramta a otal.

Yawancin samfurorin da ake sayarwa an zana su ne a yanke a saman cinya. Wannan ko a ranar mata zalla bai isa ba, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri cewa Annabi (SAW) ya hana mace kallon al'aurar mace. Sai ki ƙara tsawon wandon ya wuce gwiwa, in so samu ne ya kai idon sawu, rigar kuma ta sauko ta rufe mazaunai. Iyakar cibiya zuwa gwiwa mafi ƙarancin wajibi ce, ba ita ce ɗabi'ar mata masu kamun kai ba, don haka ki rufe ƙirji da baya.

Sai batun yadi, kuma nan mata da yawa ke tuntuɓe. Yadin ninkaya mai roba ne, yana talewa yana lafewa a jiki. Sutura tana da aibi biyu: ta nuna launin fata, ko ta fitar da surar jiki. Na farko haramun ne, yana cikin gargaɗin hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim game da mata masu tufa alhali tsirara suke. Na biyu kuwa, Usama bin Zaid ya ba matarsa wata tufar Masar da Annabi (SAW) ya yi masa kyauta, sai Annabi ya ce ta sa wata a ƙarƙashinta, don yana tsoron ta siffanta girman ƙasusuwanta. Shehu Halil ya ce an karhanta tufa mai fitar da surar al'aura, sai dai in iska ce ta jawo, Shehu Dardir kuma a sharhinsa ya haɗa da jiƙewa. Wato idan kin yi yanka mai yalwa, ruwa ya manna shi a jikinki a tsakanin mata, ba ki da laifi. Amma kada a ɗauki wannan sassauci a kai shi gaban maza: wadda ta san ruwa zai fitar da surarta, ta kuma shiga inda maza ke kallo, ita ta zaɓi hakan. Shi ya sa ko rigar nan burkini, wadda Aheda Zanetti ta ƙirƙiro a Ostireliya a 2004, duk da ta rufe jiki har da kai, ban ga ta halatta cakuɗuwa da maza a ruwa ɗaya ba.

Ki zaɓi launi mai duhu, ki sa shafi a ƙirji da wando. Kafin ki fita da su, ki sa su a banɗakinki, ki kwara ruwa, ki duba madubi. Yadin da ya rufe a bushe sau da yawa yakan tona asiri idan ya jiƙe.

Kada kuma tsoron tsiraici ya sa ki shiga ruwa da atamfa ko zumbulelen hijabi. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, yalwar da ta wuce kima tana naɗe ƙafa ko ta rufe fuska, Allah kuma ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara: 195). Ki sa maɓalli ko 'yar igiya da za ta haɗa gefen rigar da wando don kada ruwa ya ɗaga ta.

Ki binciki wurin da kanki. Mai ceto mace ce? Akwai kyamara a bango, ko bene da ke leƙen wurin? Ana barin mata su shiga da waya suna ɗaukar hoto? Idan ɗayan waɗannan ya lalace, hukuncin ya koma na gaban maza. Malamanmu sun tsananta a irin wannan. Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, mai littafin Risala na fiƙihun Malikiyya, ya ce mace ba ta shiga gidan wanka na jama'a sai da larura. Ke kina da larura, amma ki canza kaya a ɗaki rufaffe, ki kuma fita da sanin mijinki ko waliyyinki.

Ɗinka wa wasu da karɓar lada halal ne, domin kaya ne da ake iya amfani da su ta hanyar halal. Sai dai idan kin sani, ko zatonki ya rinjaya, cewa mai sayen gaban maza za ta sa, to kada ki ɗinka, saboda faɗin Allah cewa kada ku taimaki juna a kan zunubi (Ma'ida: 2). Malikawa a kan wannan ƙa'ida suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Ba a ɗora miki bin diddigin kowace mai saye ba. Wajen talla kuma ki shimfiɗa kayan ki ɗauki hotonsu, kada ki sa wata ta saka su a watsa.

Wallahu a'alam.