Kunyar ɗan fari da kai yaro yaye: amsar Goggo ga ɗiyarta

Assalamu alaikum ɗiyata. Ya gida, ya maigidan, ya ɗan jikana? Saƙonki ya same ni bayan la'asar, na saurare shi har sau biyu. Kin ce surukarki ta yi miki faɗa don ta ji kina kiran sunan yaron a gaban baƙi kina sumbatarsa, wai ba ki da kunyar ɗan fari. Kin ce kuma tana so in lokacin yaye ya yi ta zo Abuja ta tafi da shi Katsina, alhali sau biyu kacal ta taɓa ganinsa. Tambayarki ita ce, al'adar nan tana da tushe, ko cutar yaro kawai ake yi?

Ni 'yar fari ce, kin sani. Kakarki, Allah Ya jiƙanta, na girma na yi aure na haihu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana sai ta ce "yarinyar nan". In na faɗi a tsakar gida, ba ta tasowa. Sai ta ɗaga murya ta ce wa abokiyar zamanta, "Yaya, ga 'yarki nan tana kuka." Amma shekarar da na yi ƙyanda, ina farkawa cikin dare sai in ji tafin hannu a goshina, mai sanyi, mai ƙanshin hayaƙin murhu. Nata ne. Haka take kwana a zaune. Da an kira assalatu sai ta miƙa ni ga kakata, ta fita ta ɗauki taɓarya kamar ba ita ba.

To kin ga, kunyar ɗan fari a baki take da ido, ba ta kai zuci. Yarinya ce ƙarama aka yi wa aure, ta koma gaban iyayenta goyon ciki, ta haihu, ta yi wankan jego a ɗakin uwarta. Nauyin iyaye ya hana ta rawar kai da abin da ta haifa. Akwai kuma kara a ciki, tana nuna wa dangi cewa ɗa na kowa ne, ku ma naku ne. Abin da ya sa al'adar ba ta karya yara irina ba shi ne gidan cike yake. In uwa ta kau da kai, ga kaka, ga kishiyar uwa, ga goggo, ga 'yan mata masu rububin goyo. Ban taɓa yin kuka ya faɗi ƙasa ba.

Shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin yara sun sa na karanta abin da masana suka rubuta a kan shaƙuwa, kuma na ga sun zo kusa da abin da iyayenmu suka sani. Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951, yana cewa jariri na buƙatar wani tsayayye da zai shaƙu da shi kamar yadda yake buƙatar abinci. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth kuwa a Afirka ta fara nata binciken, a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda, a 1954 da 1955. Tana shiga gida gida tana kallon uwa da ɗanta. Ta lura yaron da ake amsa masa da wuri in ya yi kuka, shi ne yake rarrafe ya yi nisa ya yi wasansa, ya waiwayo ya ga uwar tana nan, ya ci gaba. Wanda bai tabbatar za a amsa masa ba kuwa, yana manne da zani, ga yawan kuka. Har a cikin Hausawa an yi irin wannan nazari, aka buga shi a 1977. Suka tarar jariranmu suna shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, amma akwai guda da suka fi nema in sun tsorata, wato wadda ta fi ɗaukarsu, ko ita ta haife su ko ba ita ba.

Yanzu dubi inda kike. Ɗaki biyu a bene, maigida ya fita tun safe, maƙwabta kowa ya kulle ƙofarsa. In kin yi wa yaron nan kawaici, wa zai ɗauke shi? Babu kowa. Al'adar da aka yi domin gida mai mutum ashirin ba za ta zauna daidai a gida mai mutum uku ba. Shawarata, ki ba surukarki haƙƙinta, domin ba mugunta take nufi ba, abin da ta tashi ta gani ne. A gabanta da gaban manya ki sakaya sunan, ki samo masa laƙabi, ki rage wasa da shi, wannan ladabi ne kuma ba ya rage komai. Amma in ya yi kuka ki ɗauke shi, ko a gaban wa. In kun kaɗaita ki kalli idonsa, ki yi masa tawai, ki goya shi kina aiki. Kada wani ya ce miki ɗauka tana sangarta jariri ɗan wata takwas. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yana kuma taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar.

Maganar yaye ita ce ta fi tsaya mini a rai. Alƙur'ani ya ce shekara biyu cikakku ga wanda ya so ya cika shayarwa, bai ce a raba yaro da uwarsa ba. A da, in an kai yaro wurin kaka, galibi zaure ɗaya ne ko unguwa ɗaya, kuma tun yana tsumma take goyonsa, ya san warin jikinta da muryarta. Nono kawai ya rasa. Naki kuwa, a rana ɗaya zai rasa nono, ya rasa ke, ya rasa ubansa da ɗakin da ya sani, a hannun wadda yake yi wa ƙiwa. Na ga irinsu a asibiti ba ɗaya ba ba biyu ba. Kwana biyu yaro yana tsala ihu yana kallon ƙofa, sai ya yi shiru, ya ƙi abinci, ya kwanta yana tsotsar yatsa. Sai ka ji ana cewa ai ya haƙura. Ba haƙuri ba ne, ɗiyata, ya fid da rai ne. Ranar da uwar ta zo, wani sai ya kau da kai kamar bai santa ba, ita kuma ta koma gefe tana share hawaye.

Don haka ki ce wa maigidanki ya yi wa mahaifiyarsa magana, shi ya fi dacewa, ba ke ba. A roƙe ta ta zo ta yi wata guda tare da ku. Ta riƙa ba shi kunu, tana goyonsa, ke kuma kina rage nonon rana, na dare ya zama na ƙarshe. In sun saba, nan gaba da kansa zai riƙa kukan a kai shi Katsina, ta samu mijin da za ta riƙa tsokana.

Abin da aka dasa a shekarun nan yana bin mutum har furfura. Na ga matan da ko kasuwa miji ya je ya daɗe sai hankalinsu ya tashi, na ga mazan da ba sa iya buɗe baki su ce wa iyalinsu suna cikin damuwa. In ka bi tarihin wasunsu sai ka tarar an yi ta yawo da su riƙo daga wannan gida zuwa wancan, babu inda suka kafu. Ba na zagin riƙo, ni kaina na riƙi yara uku, kuma har yau ni suke fara kira in abu ya same su. Yawan sauya hannu ne nake tsoro. Kuma ba ƙaddarar da ba ta gyaruwa ba ce, miji nagari ko malama mai tausayi ko aminiya ta gaskiya suna ɗinke abin da ya yage tun yarinta, sai dai a hankali. Manzon Allah ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, kakansa ya riƙe shi har ya kai 8, sannan Abu Ɗalib. Da girmansa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Bayan rasuwar Nana Khadija, in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka.

A ciwon ajalin kakarki ni na yi jinyarta, ina juya ta, ina ba ta kunu a cokali. Daren da ya rage mata kwana biyu, ɗakin ba kowa sai mu, ta kamo hannuna ta kira sunana na yanka, sau ɗaya, a hankali. Ina da shekara hamsin da ɗoriya a lokacin. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kai ni gidan miji.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yaron. In kun tsayar da ranar zuwan surukar taki ki sanar da ni, zan kira ta mu gaisa tukuna, mu tsofaffi mun fi jin maganar juna.

Goggonki.