Tambaya da Amsa: Shekara Uku Ina Furta Zunubi Ɗaya

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ni ɗan Katolika ne, ina sayar da hatsi a cikin garin Katsina. Ina da kwanon awo biyu, ɗaya cikakke wanda nake saye da shi, ɗaya kuma an buga masa gindi, da shi nake auna wa masu sayen gero da dawa. Shekara uku ke nan ina furta wannan laifi a gaban Fada a ikirari, ina fita sai in koma masa. Yanzu kunya ta hana ni zuwa ikirari tun Laraba ta Toka, ranar fara azumin kafin Ista, har na fara tunanin Allah ya gaji da ni. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwana, na gode da ba ka ɓoye komai ba, domin da yawa sukan ce "na yi rashin gaskiya" su wuce, ba sa ambaton kwanon. Zan fara da maganarka ta ƙarshe, don ta fi tauye mudun haɗari. A daren da aka kama Yesu, almajirai biyu ne suka faɗi ƙasa warwas. Bitrus ya yi musunsa sau uku yana jin ɗumin wuta, Yahuza kuma ya bashe shi a kan azurfa 30. Abin da mutane kan manta shi ne, Yahuza ya yi nadama, har ya mayar wa manyan firistoci kuɗinsu, kamar yadda Matiyu 27 ya nuna. Abin da ya rasa shi ne yarda cewa akwai sauran jinƙai dominsa. Bitrus kuwa ya yi kuka mai zafi amma bai yanke ƙauna ba, shi ya sa a Yohanna 21 muka same shi a bakin teku, kusa da wata wutar gawayi, ana tambayarsa sau uku ko yana ƙaunar Ubangiji. Kunyar da ta tsare ka a gida tana jan ka ne zuwa hanyar Yahuza, ko da yake tana kama da tawali'u.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Ikilisiya tana koyar da cewa nadama ta gaskiya tana tafiya da ƙudurin barin zunubin, kuma wanda ya ci haƙƙin wani dole ne ya mayar gwargwadon ikonsa, domin gafarar da Fada ya furta ba ta cika tukunyar matar da aka rage wa tiya. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, bai tsaya ga marabtar Yesu a gidansa ba, sai da ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Ina zaton dalilin da ya sa shekara uku ba ka motsa ba shi ne, kana zuwa ikirari alhali kwanon yana nan ƙarƙashin buhu yana jiran ka dawo.

Na san abin da ke bayan wannan: tsoron cewa ribar halal ba za ta ɗauki kuɗin haya da na makarantar yara ba. A nan ne dogara ga Allah take zama abin da ake aunawa da hannu, ranar da ka cika tiya har ta yi tozo kana sane da cewa ribar yau ta ragu. Waɗanda ka sani cikin masu sayenka, ka riƙa yi musu ƙari a hankali har ka biya, ba sai ka tona wa kanka asiri a kasuwa ba. Na waɗanda ba za ka iya ganowa ba, ka ba matalauta a madadinsu.

Tun Majalisar Lateran ta huɗu, babban taron shugabannin Ikilisiya a 1215, aka wajabta ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara, amma mai fama da ɗabi'a irin taka ya fi kyau ya riƙa zuwa kowane wata, wurin Fada ɗaya wanda zai san tafiyarsa. Kada ka ji tsoron maganar za ta fita, domin firist ba shi da izinin bayyana abin da ya ji a ikirari ko da za a kashe shi. Tun da aka kafa Dayosis ɗin Katsina a 2023, majami'ar Martin de Porres mai tsarki ta zama kujerar Bishop, kuma tana cikin garinku. Ka je kafin Ista, amma kafin ka fita daga gida ka sa guduma ka fasa kwanon nan, kada ka sayar wa wani ɗan kasuwa.