Citta da kanumfari ba za su ishe ka a Kanada ba

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka sami gurbin karatu a Winnipeg, Inna ta haɗa maka citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da habbatussauda, kana tambaya me za ka ƙara don garkuwar jikinka ta yi ƙarfi kada mura ta kama ka. Allah ya sanya alheri. Duk shekara sai an yi mini wannan tambayar, kuma duk wanda na ba amsa sai ya ɗauki zancen shayi ya watsar da sauran. Kai dai ka karanta har ƙarshe.

Ka zo da kayan Inna, ba laifi. Shayin citta da zuma da lemun tsami yana sanyaya maƙogwaro, yana rage tari, ni ma ina sha. Amma ba ya hana ƙwayar cuta shiga jiki. Mura ba sanyi ne ke kawo ta ba, mutum ne ke ba mutum, a bas, a aji, a ɗakin da aka toshe tagoginsa wata da watanni. Iskar na'urar ɗumama ɗaki kuma tana busar da hanci kamar hunturun Kano, har haɓo za ka yi.

Abin da ba wanda ya faɗa mini kafin in zo shi ne rana. A watan Disamba sai wajen ƙarfe takwas da rabi take fitowa, ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba. Daga Oktoba zuwa Maris hasken nan ba ya isa fata ta haɗa sinadarin bitamin D, mu baƙaƙe kuwa abin ya fi shafar mu, don fatarmu ta fi buƙatar rana. A gida ba ka taɓa tunanin wannan ba, kyauta kake samu. Nan hukumar lafiya ta ce baligi yana buƙatar ma'auni 600 na bitamin D a yini, ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin kwalba. Ka sayi ƙwayar a kantin magani, ba tsada, ka riƙa shan madara don doka ta sa ana zuba sinadarin a ciki, ka ci kifin gwangwani da ƙwai. Kada ka ce tunda yana da amfani bari ka ninka, yawansa cuta ne.

Sai barci, kuma nan ne raina yake ɓaci. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 24 a mako a wajen makaranta, yaranmu kuwa sai su ɗauki aikin dare a rumbun kaya, su fito da asuba su wuce aji, saboda a gida ana jiran su turo kuɗi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya nuna wanda barcinsa bai kai awa 6 ba ya fi mai barcin fiye da awa 7 saurin kamuwa da mura wajen ninki huɗu. Ba zogalen da zai maye maka barcin da ba ka yi ba.

A irin wannan aikin babbar mura, wadda ake kira fulu, ta kayar da ni a sanyina na farko. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ko tashi in yi alwala sai na dafa bango. Na kira shugaban aikinmu, abin da ya tambaya kawai shi ne yaushe zan dawo, kwanakin kuma ba a biya ni ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sannu, ba wanda ya dama mini kunu. Wannan ya fi ciwon zafi. Alhamdu lillahi na gama karatuna, da gumina na kai inda nake, amma ba na so ka bi ta nan.

Saboda haka da kaka ta shiga ka je a yi maka allurar rigakafin fulu. Duk shekara ake sabunta ta don ƙwayar tana canza kama, kyauta ake yi wa jama'a a Manitoba, jihar da Winnipeg take ciki, ka tambayi asibitin makaranta inda za ka samu. Na san abin da ake yaɗawa a WhatsApp kan allurai. Masu turo maka saƙon ba su za su yi jinyarka ba. Ka kuma bar ɗabi'ar nan ta shiga kemis a sayi ampiclox don mura. Nan ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma ba ya kashe ƙwayar mura ko kaɗan. Ka sani tun 2018 gwamnatin jihar ta cire ɗaliban ƙasashen waje daga inshorar lafiyarta, ta makaranta za ka biya, ka karanta abin da ta ƙunsa tun kana lafiya.

Rigar sanyi kada ka saya a Kantin Kwari, nan za mu saya. Idan iska ta kai digiri 30 ƙasa da sifiri, kunne ko yatsan da ke waje yana iya daskarewa cikin rabin awa. Duk abincin da ka ɗauko ka bayyana shi a filin jirgi, kilishi kuwa ka bar wa su Inna, ƙwacewa za a yi. Ka gaishe ta, ka turo mini ranar saukarka.