Hoton tsohon gini cikin ruwan sama: za a iya a Damagaram?

Tambaya: Malam, na ga hotunan wata tsohuwar majami'a a Turai, ana yayyafi, ga furannin lokacin sanyi a gabanta. Ina Zinder, ina da ƙaramar kyamara da salula. Yaya zan samu irin wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, wancan hoton yanayin ƙasarsu ne ya ba su. A can ruwa da sanyi tare suke zuwa. Mu nan ruwa na damina ne, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Hunturu kuwa hazo ne da ƙura. Don haka raba aikin biyu.

Da damina ka nufi tsohuwar unguwar Birni, wajen fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen da aka yi wa zane a bango. Kada ka fito da kyamara lokacin da hadari ya taso, domin iskar da ke gaban ruwa cike take da rairayi, in ya shiga gilashin kyamara sai mai gyara. Jira ruwa ya tsagaita. A nan ne jan ƙasar bango ke yin duhu, zanen ya fito sarai, gajimare kuma ya kashe kaifin ranar da ke ƙona hoto da tsakar rana. Ni a ganina wannan ɗan lokacin ya fi duk hasken shekara. Ka durƙusa kusa da ruwan da ya kwanta a lungu, za ka kama ginin sau biyu. In ɗigon ruwa kake so ya tsaya cak, sa saurin ɗaukar kyamara a 1/500 na daƙiƙa ko mafi sauri. A 1/60 sai ya zama zare-zare, kuma ba ya fitowa sai bayansa da duhu, kamar bakin zaure. Leda da kyauron roba sun isa rufe kyamara, ka riƙe busasshen ƙyalle na goge gilashi.

Bangon laka da ya sha ruwa yana faɗuwa, kada ka raɓe shi. A fada kuma ka gaida dogarai, ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Haka ma masallaci ko majami'a.

Fure kuwa sai rani. Itacen kariya tana fitar da furenta mai ruwan hoda a lokacin da ba ta da ganye sosai. Ka same ta da sassafe, hazo ya zame maka labule a baya. Ruwan jikinta dafi ne, in ka taɓa ka wanke hannu.