Kafin ka huda sulallan da ke cikin asusunka

Ka ce ka fasa asusu ka tarar da sulalla masu yawa, kana son ka mayar da wasu zobba da abin wuya, kuma kana tambaya ko ya dace ka goge su tukuna.

Fara da duba dokar ƙasar da ta buga kuɗin, domin a nan ne mutane suka fi yin kuskure. A Birtaniya, dokar 1971 ta hana narkar da tsabar da ake ciniki da ita ko farfasa ta ba tare da izini ba, yayin da Amurka ta hana narkar da tsabar santi ɗaya da santi biyar tun 2006.

Batun gogewa kuwa, ni dai ba na goyon bayansa. Na taɓa dirje wata tsohuwar tsaba da tsamiya da toka har ta yi ƙyalli, daga baya na ga ƙananan zane-zane sun cika fuskarta, kuma irin wannan na zubar da darajarta a wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Duk wadda shekarunta ko tambarinta suka ba ka mamaki, ware ta, ka nuna wa masani.

Sauran ka kara musu maganaɗisu. Wadda ta manne galibi ƙarfe ce aka lulluɓe da wani sinadari, da zarar ka huda ta tsatsa za ta kama bakin hudar. Aikin wuta ka bar wa maƙeri, domin hayaƙin tutiyar da ke cikin wasu sulallan na sa zazzaɓi.