Kokowa zunubi ce ga Kirista?

Tambaya: Baba Fasto, shekarata 16, ina karatu a Tawa. Ina kaɗa gita a zumuntar matasa, amma abin da raina ya fi so shi ne kokowa. Wani mai wa'azi da ya sauka unguwarmu ya ce ruhun kokowa ne ya shige ni, sai na yi azumin kwana uku ba ci ba sha, in kuma sayi man shafawa na jaka biyar a hannunsa. Tun ranar ba na iya addu'a da natsuwa. Zunubi nake yi?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Ɗan Tawa ya so kokowa ai gado ne, a garinku aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975. Yakubu ya kwana yana kokowa har gari ya waye, duba Littafin Farawa sura 32. Bulus kuma ya gaya wa Timoti motsa jiki yana da amfaninsa, ko da yake bin Allah ya fi shi. Abin da za ka kiyaye shi ne laya da guru da turaren boka da ake shiga fili da su, sai kuma tramol da abokai za su miƙo maka wai don ƙarfi. Waɗannan ka ce a'a. Gitarka kuwa ci gaba da kaɗawa.

Azumin nan ne ya tayar mini da hankali, domin kullum ina fama da shi. Mutum ya zo daga inda ba wanda ya sani, ba ikkilisiyar da ta aiko shi, ba dattawan da za su tsawata masa, ya dubi yaro ya ce kwana uku kada ruwa ya taɓa bakinsa. A Tawa! Garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Jikin da ke zufa bai samun ruwa, jini yakan ragu, ƙoda ta rasa abin tacewa. Fitsari ya ƙanƙance ya yi ja, leɓe ya tsage, jiri ya kama yaro, ya faɗi a bakin ƙofa. In yana da amosanin jini, rashin ruwa kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwon da zai kwantar da shi asibiti. Sa'ad da uwa ke neman kuɗin ƙarin ruwa, mai wa'azin ya riga ya hau mota da jakarsa biyar.

Irin waɗannan masu wa'azi za su kawo maka sarauniya Esta ta Littafi Mai Tsarki, wai ita ma azumin kwana uku ta yi. Esta ta yi haka ne bayan da aka sa hannu a hallaka jama'arta duka, ba don wani saurayi yana son wasan ƙasarsu ba. Su karanta Ishaya 58 mana, su ga azumin da Allah ya zaɓa: a kwance wa wanda aka zalunta, a raba abinci da mayunwaci. Maganar sayar da mai kuma, Bitrus ya gama ta tun da Siman mai sihiri ya fito da kuɗi don ya sayi baiwar Allah, a Ayyukan Manzanni 8. Tsawa ya sha, ba albarka ba.

Kada ka ba mai wa'azin nan ko dala. Yau ɗin nan ka gaya wa mahaifanka da faston ikkilisiyarku abin da ya ce maka, domin ba kai kaɗai ya tsorata ba a unguwar. In kana son azumi, ka yi na yini ɗaya da saninsu, kana shan ruwa, kuma ban da ranar da za ka shiga fili.