Na Fara Sayen Kayan Haɗa Kwamfuta, Ina Tsoron Kada Su Ƙone a Hannuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, kuma wannan ne karona na farko. Na riga na sayi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 7600, saura madabod (babban allon da ake jona komai a jikinsa) da katin hoto (mai sarrafa hotunan da ke fitowa a allon kallo) da fawa (na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta). Wani abokina ya ba ni RAM ɗinsa (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) samfurin DDR4 guda biyu, ya haɗa mini da wayoyin tsohuwar fawarsa da ta mutu, irin waɗanda ake cirewa a mayar, don sun fi tsawo da kyau. Mai gyaran da na tuntuɓa ya ce kada in damu, duk abin da ya shiga raminsa to ya dace. Ni dai gabana faɗuwa yake yi, domin idan wani abu ya ƙone ba ni da halin sake saye.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan faɗuwar gaban ita ce ta cece ka, kuma ka yi daidai da ka tambaya kafin ka jona wuta.

Bari mu fara kawar da mai sauƙin. Furosesarka ta soket ɗin AM5 ce (soket shi ne ramin da furosesa ke zama a jikin madabod), wanda kamfanin AMD ya fito da shi a 2022, kuma RAM samfurin DDR5 kaɗai yake ɗauka. Saboda haka RAM ɗin abokinka ka mayar masa da godiya. DDR4 da DDR5 duk ƙafafu 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba. In ka danna da ƙarfi ramin za ka fasa. Nemi madabod na AM5 samfurin B650, ya ishe ka. Sayi RAM guda biyu da suka zo a kwali ɗaya, ka sa su a rami na biyu da na huɗu idan ka ƙirgo daga wajen furosesa, sai dai in littafin madabod ɗin ya faɗi wani abu daban. Ka kuma lura cewa a AM5 allurorin suna jikin madabod ne, ba jikin furosesa ba, ko yatsa kada ya taɓa su.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato "in dai ya shiga, ya dace". Kusan kullum sai na ji ta, kuma ba a bakin sababbin shiga kaɗai ba, har da masu riƙe da sukundireba suna karɓar kuɗin mutane. Wannan magana ta kashe kaya da yawa.

Waɗannan wayoyin da aka ba ka, kada ka kuskura ka haɗa su da sabuwar fawarka. Bakin wayar da ke shiga madabod ko faifan ajiya ko katin hoto, shi ne aka yi wa ƙa'ida guda da kowane kamfani yake bi. Amma ɗaya bakin, wanda ke shiga jikin fawar, ba a yi masa wata ƙa'ida ba. Kowane kamfani yana jera layukansa yadda ya ga dama, kai, kamfani ɗaya ma yakan sauya jerin daga wannan samfuri zuwa wancan. Robar bakin takan zo iri ɗaya, ta shiga ɗas, har ka ji ƙarar kamawarta, alhali ramin da ke ba da bolt 5 a tsohuwar fawa shi ne ke ba da bolt 12 a sabuwa. Kana danna makunni, bolt 12 ya afka wa faifan da ke jiran bolt 5. Ko daƙiƙa ba a yi, sai ɗan ƙauri, shi ke nan, faifan ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Idan ka yi sa'a, fawar mai kariya ce, ta ji an haɗa layin wuta da na ƙasa ta kashe kanta. Idan ba ka yi sa'a ba, sai a yi ta ƙirga gawarwaki. Sannan mai gyaran nan zai dafa kafaɗarka ya ce dama kayan ne jabu. Wayar da ta zo a kwalin fawa, ita kaɗai ce tata.

Haka nan akwai wayoyi biyu masu ƙafa takwas da suke kama da tagwaye: ta furosesa, wadda ke rabuwa huɗu da huɗu, da ta katin hoto, mai rabuwa shida da biyu. Inda ɗaya take da wuta, nan ɗayar take da layin ƙasa. An sassaƙa bakinsu daban don kada su shiga ramin juna, amma roba ce, mai taurin kai yana iya tura ta. Karanta abin da aka rubuta a jikin bakin, za ka ga CPU (ta furosesa) ko PCIe (ta katin hoto).

Ko a soket ma maganar ba ta tsaya ba. Kamfanin Intel ya yi amfani da soket ɗin LGA 1151 ga furosesocinsa zubi na 6 da na 7, ya sake amfani da shi ga na 8 da na 9. Furosesar zubi na 8 za ta zauna daram a ramin madabod na zubi na 6, kwamfuta kuwa ba za ta tashi ba. A ɓangaren AMD, madabod mai B450 ba ya gane Ryzen 5000 sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. Shi ya sa kowane mai ƙera madabod yake wallafa jerin furosesocin da allonsa ke ɗauka, da lambar BIOS ɗin da kowace ke bukata. Duba shi minti biyu ne, amma mutane sun fi son jita-jita.

Ita kanta fawar, kada babbar lambar da aka manna mata ta ruɗe ka. Fawa marar suna da aka rubuta wa wat 800 tana iya gaza kawo rabinsa a layin bolt 12, wanda shi ne furosesa da katin hoto suke sha. Juya ta ka karanta jadawalin da ke gefenta, ka ga nawa layin 12V yake bayarwa, ka kuma tabbata an lissafa kariyar OCP da OVP da SCP, wato masu kashe fawar idan an ja wuta fiye da kima, ko bolt ya haura, ko layuka sun haɗu. Tambarin 80 Plus yawan wutar da ba ta ɓarnatarwa yake nunawa, ba shaidar ingancin kayan cikinta ba ne. Furosesarka mai wat 65 ce, ba ta da ci. Katin hoton da ka zaɓa shi zai yanke girman fawar, don haka zaɓe shi tukuna, ka duba abin da masu ƙera shi suka ce ana bukata. Idan katin yana amfani da sabuwar wayar wuta mai ƙafa 16 da ke ɗaukar har wat 600, tura ta har ƙarshe ba tare da gibi ba, domin rashin shigarta sosai na cikin abin da ya narkar da bakin wasu katunan RTX 4090 a 2022.

Sai awo. Kafin ka biya kuɗin akwatin da za ka jera kayan a ciki, gwada tsawon katin hoto da tsayin fankar furosesa da abin da aka rubuta akwatin zai ɗauka, a milimita. Madabod ATX (babba) ba zai shiga akwatin Micro-ATX (ƙarami) ba, ƙaramin kuwa yana shiga babba.

Wani abu da zai kwantar maka da hankali: 7600 tana da nata sashen hoto a ciki, kuma takan zo da fankarta a kwali. Don haka ɗora madabod a kan kwalinsa, sa furosesa da fanka da RAM ɗaya, jona fawa da wayoyinta na asali, sa wayar allon kallo a bayan madabod, ka kunna. Tashin farko na DDR5 yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye allo na baƙi, kada ka zare wuta. Idan BIOS ya bayyana, sai ka kashe, ka ƙara sauran kayan ɗaya bayan ɗaya.